Yadda ake karrama matan da ke riƙe da unguwa

Kusan kowace unguwa tana da mata biyu ko uku waɗanda in babu su al'amura za su tsaya cik. Akwai wadda ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta tashi, da malamar da ta shekara ashirin tana koya wa matan aure karatu a zaurenta, da uwar adashin da kuɗin gidaje arba'in ke kwana a hannunta ko kwabo bai taɓa yin ciwon kai ba, da dattijuwar da ake kai wa ƙarar miji da mata kafin magana ta kai gaban alƙali. Amma idan aka tashi taron karrama mata, ba su ake kira ba. Matar wani babba ake miƙa wa allon katako mai ƙyalli, a yi hoto, a watse. Wannan bayani na masu son yin abin yadda ya kamata ne, ko ƙungiyar matasa ce, ko tsofaffin ɗalibai, ko kwamitin masallaci ko na coci. Aikin kan ci wata uku, kuma ranar taron ita ce mafi ƙanƙantarsa.

Masu zaɓe da sharuɗɗansu

Ku kafa kwamiti na mutum biyar ko bakwai, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Mata su fi yawa a ciki, kuma ba don ado ba. Namiji ba ya wuce ƙofar da aka rubuta "ba shiga", saboda haka yawancin aikin da matan unguwa ke yi bai taɓa ganinsa da idonsa ba, labari kawai yake ji. A samu dattijuwa ɗaya da ta san asalin gidaje, da ma'aikaciyar lafiya ko malamar makaranta, da matashiya mai saurin rubutu wadda ta iya waya. Duk wanda mahaifiyarsa, matarsa ko surukarsa ta shiga jerin sunaye, ya fita ɗakin lokacin da ake maganarta. A rubuta wannan ƙa'ida tun zaman farko, kafin a san sunayen da za su fito. In aka bari sai sun fito, za a ce da wani ake.

Sharuɗɗa uku sun isa. Aikinta ya amfani waɗanda ba 'yan gidanta ba. Ya daɗe, aƙalla shekara goma, don a bambanta mai yi don Allah da mai yi don zaɓe ya matso. Sannan a samu mutum uku daga gidaje uku dabam da za su ba da shaida, kowa a keɓe, ba a gaban juna ba. Muƙamin miji ba ya cikin lissafi, haka ma gudummawar da gidansu ya ba kwamitin. Wadda ke kan kujerar siyasa ko take nemanta, a jira ta sauka.

Wajen neman sunaye ne aka fi yin kuskure. Idan kuka buga sanarwa a Facebook kuka zauna jira, sunayen da za su zo na masu 'ya'ya 'yan boko ne. Ku bi wuraren da mata ke taruwa: Islamiyyar matan aure, asibitin unguwa ranar awo da ranar rigakafi, wurin niƙa, taron Zumuntar Mata a coci. 'Yan mata biyu da littafi da biro sun isa, kuma a ba da lambar waya ɗaya da za a riƙa turo saƙon murya, tunda ba kowa ce ke rubutu ba. Mako uku ya wadatar. Kada a tambayi mace "wace ce shugaba a unguwar nan", don za ta ambaci matar mai unguwa saboda ladabi. A tambaye ta: "Idan yaronki ya suma da dare maigida ba ya nan, gidan wa kike nufa?" "Wa ta koya miki sana'ar da kike ci da ita?" "Da kuka samu saɓani da dangin miji, wa ta shiga tsakani?" Sunan da ya fito sau biyar daga bakunan da ba su haɗu ba, shi kuke nema.

Wannan matsala ta ganin na gaba a manta da na baya ba mu kaɗai take damu ba. A garin Montgomery na jihar Alabama a Amurka, an kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas, kuma duniya ta san sunanta. Amma a daren da aka kama ta, wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, ita ta kwana a kan injin buga takardu ta fitar da dubun-dubatar sanarwar da ta kira baƙar fata su ƙaurace wa motocin. Ƙungiyar matan da take shugabanta ce ta rarraba su gida-gida da makarantu. An yi kwana 381 ana ƙauracewar, kuma wani ɓangare na kuɗin man motocin da ke kai mutane aiki daga tukunyar wata mai dafa abinci ya fito, Georgia Gilmore, wadda ta tara mata suna sayar da abinci suna kawo ribar. Wata tara kafin Rosa Parks, an kama wata yarinya 'yar shekara 15, Claudette Colvin, kan laifi iri ɗaya, aka shekara da shekaru ba a ambatonta. Idan kwamitinku ya samu sunan da kowa ya sani, ya ƙara tambaya ɗaya: wa ke bayanta? Sau da yawa a nan za a ga suna na biyu.

Kada ku wuce mata biyar a taro ɗaya. Uku sun fi. Idan suka kai goma sha biyar, kowace za ta samu minti biyu da takarda, kuma babu wanda zai koma gida da labarin ko ɗaya.

Neman yardarta

Ba a karrama mutum da ƙarfi, kuma ba a yi wa dattijuwa bazata a gaban jama'a. Mata biyu daga kwamitin su je gidanta da rana, bayan an aika an nemi izini, su gaisa, su faɗi abin da ke tafe da su a fili: ga abin da mutane suka ce kin yi, ga abin da muke son yi, za a kira mutum kaza, a wuri kaza. Kada a nemi amsa nan take. A ba ta mako guda. Idan tana da miji, namiji ɗaya daga kwamitin ya same shi a zaure, amma bayan an yi magana da ita, ba kafin ba. Idan aka fara da shi, amsarsa za ku samu, ba tata ba. Idan bazawara ce ko mijinta ya rasu, ita za ta faɗa muku wanda take son a sanar, ko babban ɗanta ko ƙaninta.

Za ku haɗu da wadda za ta ce a'a, kuma galibi ita ce ta fi cancanta. Za ta ce ita don Allah take yi, tana tsoron riya, ba ta son ladanta ya ƙare a tafi. Kada ku tsaya jayayya ko ku turo mata malami ya lallashe ta. Ku ba ta zaɓi: taron mata zalla a tsakar gidan makarantarta, ko a kai kayan aikin ba tare da taro ba, ko a rubuta tarihin a ajiye kada a karanta sai bayan ranta. Yawanci za ta karɓi ɗaya daga ciki.

Maganar hoto a yi ta dabam. Yarda da taro ba yarda da hoto ba ce, yarda da hoto kuma ba yarda da sa shi a intanet ba ce. A tambayi kowanne a keɓe, a rubuta amsar, a sanar da mai ɗaukar hoto da mai gabatarwa. A ranar, a faɗa wa jama'a a lasifika wadda ba ta son a ɗauke ta, tunda kowa da wayarsa.

Akwai kuma abin da ambatonsa ke jawo cutarwa. Ba a faɗin yawan kuɗin da ke hannun uwar adashi, ko ranar da ake kwasa, domin ba masu tafi kaɗai ke wurin ba. Matar da ke ɓoye wadda ta gudo daga dukan miji, ko take sasanta auren da ya kusa mutuwa, ba a ambaton gidajen da ta shiga. A ce ta gyara aure da yawa, a tsaya nan. Matan da suka yi aikin rigakafin shan inna gida-gida sun cancanci karramawa fiye da yawancin masu karɓar lambar yabo, don da ƙafarsu aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka tabbatar nau'in shan inna na asali ya ƙare a Afirka. Amma a Kano, cikin Fabrairun 2013, an harbe tara daga cikinsu suna bakin aiki. A wurin da har yanzu ake zaman ɗar-ɗar, a bar mai aikin ta faɗi iya abin da take son a bayyana. Matan da suka taimaki Georgia Gilmore ma ba a taɓa karanta sunayensu a taro ba, don da yawansu a gidajen farar fata suke aiki, in an ji za a kore su. Ita kaɗai ke miƙa kuɗin.

Ɗaukar tarihinta

Wannan shi ne ainihin aikin. Rumfa da kujeru za a kwashe su da yamma, allon yabo zai yi ƙura a bayan kwaba, amma muryarta tana faɗin yadda ta fara, jikokinta za su ji ta bayan shekara hamsin in an adana ta da kyau.

Waya ta isa. A cika mata caji, a tabbatar akwai wuri a memori, a sa ta a tsarin jirgin sama don kada kira ya katse ɗaukar. A zauna a ɗaki mai labule da katifa, ba tsakar gida ba, inda daka da kaji da kukan yara za su rufe maganar. A kashe fanka da rediyo. A ɗora wayar a kan matashi, kamar kamu biyu daga bakinta, kada a riƙe a hannu don motsin yatsa yana shiga. A ɗauki minti ɗaya na gwaji a saurara kafin a ci gaba. A farkon ɗaukar, mai tambaya ta faɗi kwanan wata, gari, sunanta da sunan wadda ake hira da ita.

Zama biyu na minti arba'in-arba'in sun fi zama ɗaya na awa biyu. Dattijuwa takan gaji, kuma tsakanin zaman farko da na biyu takan tuno abin da ya fi daɗi. Mace ce za ta yi tambayar, wadda ba 'yar gidan ba, domin a gaban 'yarta ko surukarta akwai abin da kunya ba za ta bari ta faɗa ba. Kada ɗakin ya cika, in ba haka ba kowa zai riƙa amsa mata.

Tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce ba ta haifar da komai. A ce: "Inna, ba ni labarin haihuwar farko da kika karɓa ke kaɗai." "Hajiya, wa ya fara hana ki, me kika ce masa?" "A wurin wa kika koya, ita kuma a wurin wa?" Wannan ta ƙarshe kada a tsallake ta, don ita ke fito da sunayen matan da suka riga mu gidan gaskiya waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Idan ta yi shiru, a ƙyale ta, kada a cike shirun da wata tambaya.

Shekaru kan rikice. Mace da yawa ba za ta ce "1984" ba, za ta ce shekarar da aka yi canjin kuɗi na Buhari, ko shekarar da aka kashe Murtala, ko zamanin Kunce, shugaban mulkin sojan Nijar, ko bayan babban farin nan. A rubuta yadda ta faɗa, daga baya kwamitin ya lissafa: kisan Murtala 1976 ne, farin da ya kashe dabbobi 1973 da 1974, Kunce ya hau mulki a 1974 ya rasu a 1987. Abin da bai tabbata ba a bar shi da "wajen shekara kaza". Kada a ƙirƙiri lamba don takarda ta yi kyau. Idan ta ce ba ta san yawan jariran da ta karɓa ba, kada mai rubutu ya sa dubu uku. Akwai tsohuwar da za ta tashi a cikin taro ta ce ƙarya ne, kuma daga nan sauran maganar ma ta zube.

Daga hirar da shaidar mutum ukun nan ake fitar da takardar yabon da za a karanta. Kalma 250 zuwa 300, wato minti biyu zuwa uku a baki. A rubuta da Hausa ko harshen da take ji, ba Turanci ba. A cire "jaruma", "uwa ga kowa", "abar koyi", tunda ana faɗa wa kowa su har sun daina nufin komai. A sa abin da ta yi: ta buɗe makaranta a zaurenta da ɗalibai bakwai da tabarma biyu, yau uku daga cikin ɗalibanta ke koyarwa a unguwanni kaza. A karanta mata takardar kafin ranar, ta cire abin da ba ta so.

Abin da za a ba ta

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar misalin da har yau ba a fi shi ba. Da ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimi ya kai ga matan ƙauyuka, takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, alamar da mutanen yankin suka riga suka saba gani a kan Innar Gobir, shugabar mata a masarautar Gobir. Malfar ba ta rataye a bango ba ce. Da ita jaji ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyensu zuwa wurin Asma'u su ɗauki karatu su koma su koyar, kuma duk wanda ya gan ta a hanya ya san wannan ba wadda za a tare ba ce. Kyautar ta ƙara wa mai aikin ƙarfin yin aikin. Asma'u kuma ba ta taƙaita marsiyyarta ga sarakuna da manyan malamai ba, ta yi wa jajinta Hauwa'u, ta yi wa maƙwabciyarta Halima, shi ya sa muka san sunayensu.

Saboda haka kafin a sayi komai, a tambaye ta abin da ke hana aikinta tafiya. Amsar kan ba da mamaki don ƙanƙantarta. Malama za ta ce rufin zauren na yoyo, ko tabarmi sun mutu, ko allo ɗaya gare ta. Ungozoma za ta ce fitila mai caji da hasken rana, da safar hannu, da kuɗin motar da za a kai mai naƙuda asibiti idan jini ya ɓalle, kuma wannan na ƙarshe ya fi duk sauran, don aikinta mafi girma shi ne sanin lokacin da za ta ce a tafi asibiti. Mai koya wa 'yan mata ɗinki za ta ce keke ɗaya ake layi a kai. A sayi abin da ta faɗa, ba abin da ya fi kyau a hoto ba. Injin niƙa mai cin fetur da aka ba wadda ba ta da kuɗin mai ko na gyara, kaya ne aka ɗora mata.

A haɗa mata da abin da yake nata ita kaɗai, turmin atamfa mai kyau ko leshi da mayafi, da takardar yabon a cikin firam. Idan za a ba da tsabar kuɗi, a ba ta a hannunta a keɓe ko a sa a asusunta, kada a faɗi adadin a lasifika. In aka faɗa, kafin magariba masu buƙata sun yi layi a ƙofarta, kuma irinta ba ta iya cewa babu.

Kada kwamiti ya naɗa sarauta. Magajiya, Iya, Jakadiya da makamantansu na fada ne, haka ma magajiyar zango a Kumasi ko Accra tana da hanyar da ake bi a naɗa ta. Idan kuna ganin ta cancanta, ku rubuta wa hakimi ta hannun mai unguwa da dagaci, ku haɗa da takardar tarihinta, ku bar musu.

Kasafin kuɗi a raba shi tun kafin a tara: rabi na kayan aikinta da kyautarta, kashi 25 cikin ɗari na rumfa, kujeru, lasifika da ruwan sha, kashi 15 na bugawa da adana tarihin, kashi 10 a ajiye don abin da ba a zata ba. Idan kuɗin taron ya fi na kyautar, kanku kuka yi wa biki. Mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a fitar da kuɗi, a ajiye rasit, a karanta lissafin a zaman kwamiti na ƙarshe. Ɗan siyasa zai kawo gudummawa mai tsoka, musamman in zaɓe ya kusa. A karɓa in ya yarda da sharaɗi: babu fosta, babu hular jam'iyya, babu jawabi, sunansa zai fito a jerin masu gudummawa tare da na mai shayin da ya ba da abin da ya samu. In bai yarda ba, a rage rumfa ɗaya a yi taron ba shi.

Ranar taron

A kauce wa ranar kasuwa, da azumi, da tsakiyar damina lokacin da kowa ke gona. Bayan kaka ya fi, akwai hatsi a rumbu kuma hankali a kwance. Masu son haɗa shi da ranar da aka sani suna da 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, sai dai zafi ya fara kuma manyan baƙi duk suna wani taron. A Nijar akwai 13 ga Mayu, ranar matan ƙasar, wadda ta samo asali daga tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 da suka ga mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Lokaci kuwa, ƙarfe goma na safe zuwa sha biyu da rabi, ko bayan la'asar zuwa kafin magariba in mata uku ne kawai. Wurin ya zama inda take aikin, ko filin makarantar firamare mafi kusa, ba ɗakin taro na otal da sai an hau mota biyu ba. A sanar da mai unguwa mako biyu kafin ranar. A tanadi a-daidaita-sahu ɗaya da zai ɗauko kowace da mutanenta, da kujera mai majingina a inuwa, da bayan gida a kusa.

Waɗanda ake karramawa su ke zama a tsakiyar babban tebur, manyan baƙi a gefe. Mace ta shugabanci taron, mace ta gabatar.

A nan akwai darasi daga babban gangamin da baƙar fatar Amurka suka yi a Washington ranar 28 ga Agusta 1963, inda mutum kusan 250,000 suka taru. Mata ne suka cika motoci, suka tara kuɗi, suka sha ɗauri a jihohin kudu, amma a jerin manyan masu jawabi ba a sa mace ko ɗaya ba. Sai da Anna Arnold Hedgeman, mace ɗaya tilo a kwamitin shirye-shiryen, ta yi ƙorafi, sannan aka cusa ɗan lokacin jinjina wa mata, aka kira sunaye, Daisy Bates ta faɗi 'yan kalmomi ta zauna. Dorothy Height, shugabar babbar ƙungiyar matan baƙar fata ta ƙasar, tana kan dandamalin ba a ba ta abin magana ba. Irin wannan shi ke faruwa a tarukanmu: maza shida su yi awa biyu suna yabon mata, wadda aka taru dominta ta ce "na gode" a kashe lasifika.

Maganinsa a rubuce yake, da minti. Addu'ar buɗewa minti biyar. Shugabar taro minti biyar. Kowace mai karɓa minti ashirin: uku na karanta takardar yabo, uku na wadda ta amfana da ita ta tashi ta yi shaida da bakinta, uku na miƙa kaya, sauran nata. Mai unguwa ko hakimi minti biyar a ƙarshe, ba a farko ba, sai addu'a. Babban baƙon da ya makara ba a jiransa, kuma in ya shigo ana tsakiyar maganarta ba a katse ta don a gaishe shi. A faɗa wa mai gabatarwa wannan tun jiya, don shi ne wurin da ya fi saurin karyewa.

Dattijuwa da yawa ba za ta iya tsayawa ta yi jawabi a gaban maza ba, kuma ba rashin abin faɗa ba ne. Wadda ta yi hira da ita ta zauna kusa da ita ta yi mata tambaya biyu ko uku da suka riga suka shirya, ko a saka minti uku daga muryar da aka ɗauka in ta yarda. A gwada haɗa wayar da lasifika tun da safe, a ajiye janareta nesa da rumfa.

Maroƙa da zabiya za su zo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. A yi magana da su kafin a fara, a ba su lokacinsu a ƙarshe da abin hasafinsu. Liƙi kuma, a Najeriya dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta, an kuma hukunta mutane a kai. A ajiye faranti, mata biyu su ƙirga abin da ya taru su damƙa mata a cikin gida.

Kada a manta da abokiyar zamanta da 'ya'yanta mata. Duk daren da ta fita karɓar haihuwa, wata ce ta riƙe mata yara ta dafa tuwo. Jimla ɗaya ta godiya a takardar yabo da turmi ɗaya na atamfa suna hana ɓacin ran da zai iya shekara a gidan.

Bayan an kwashe kujeru

Tarihin da aka ɗauka a yi masa kwafi uku a wurare uku: ɗaya a gidanta, ɗaya a makarantar unguwa, ɗaya a wurin da aikinsa ke nan, kamar Gidan Arewa a Kaduna, Gidan Makama a Kano, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko cibiyar binciken IRSH a Yamai. Ku je ku tambayi yadda suke karɓa. Abin da ke waya ɗaya kaɗai, ranar da ta faɗa ruwa ya tafi. A rubuta hirar a takarda kuma, minti arba'in kan ci awa uku zuwa huɗu na rubutu, a buga, a ɗinke. Gidan rediyon jiha kan karɓi irin wannan a shirin mata in an kai masa a shirye.

Sa sunanta a wani abu yana da kyau, amma suna kaɗai ba ya riƙe labari. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri sau da yawa tun lokacin da matan Arewa ba su da ƙuri'a, abin da ba su samu ba sai 1976. Hoton Ladi Kwali maginiyar tukwane yana bayan takardar naira ashirin tun 2007. Ku tambayi 'yan makaranta goma su waye su, za ku ga gibin. Don haka idan kuka sa sunanta a aji, ko rijiya, ko ɗakin awo, ku liƙa takardar yabon a bangon wurin cikin firam, ku roƙi shugaban makarantar a riƙa karanta ta wa ɗalibai sau ɗaya a shekara. Aji da rijiyar da kuka gina suna hannunku. Sunan titi kuwa sai da takarda zuwa ƙaramar hukuma, kuma yana ɗaukar lokaci.

Bayan wata uku, mata biyun da suka fara zuwa su koma. Su duba ko rufin ya daina yoyo, ko fitilar na caji, ko keken ɗinkin yana inda aka ajiye shi ko wani ɗan gidan ya sayar. Kuɗin ajiyar nan na kashi goma a nan yake amfani. Su kuma tambaye ta wa take koya wa, domin in babu, a nemo mata matashiya ɗaya ko biyu da ta yarda da su. Sunayen da suka fito a neman farko ba a zaɓe su ba, a bar su a littafin kwamitin tare da shaidun da aka riga aka ɗauka, a sa alama a kan waɗanda suka fi tsufa ko ba su da lafiya, a je a ɗauki muryarsu yanzu ko da taronsu sai baɗi.